Kwamfutar da Ta Ƙarasa Ƙofar Bawa

Ku yaran yanzu da ke shigowa shagon nan kuna cewa ai aikin danna maɓalli ne, ku ja benci ku zauna. Jiya na ji ɗayanku yana gaya wa abokinsa a waya wai inji ne ke sassaƙa, Baba Sale kuwa shan shayi kawai yake yi. Ban ji haushi ba, don shayin kam ina shansa. Amma bari in ba ku labarin wata ƙofa, in kun gama ji sai ku sake tunani.

Ƙofar wata dattijuwa ce daga Kuta, ana ce mata Mama Ladi. A bayan motar doya aka kawo ta, an naɗe ta da tsohon bargo, masu sauke ta suna ta nishi. Katakon maɗaci ne falle ɗaya, ga faɗi ga kauri, irin wanda yanzu ko ka wuni kana zaga kasuwar katako ba za ka samu ba. Mijinta, marigayi Bawa, manomi ne, amma yana taɓa sassaƙa da rani. Shi ya sare bishiyar a gonar mahaifinsa, ya jingine katakon a ɗakin girki shekara da shekaru har ya bushe ƙarau, sannan ya fara yi masa zane irin wanda matan Gbagyi ke yi a wuyan tukunya, layi ya hau ya sauka, da 'yan ɗigo a tsakani. Ya gama jerin sama kaɗai ciwo ya kwantar da shi, bai tashi ba. Ɗakin da ya gina domin ƙofar yana nan da zana a bakinsa. Mama Ladi ta ce so take a ƙarasa zanen har ƙasa, yadda ya fara, kada a taɓa nasa, kuma a gama kafin ruwa ya sauka don ta koma ɗakin. Ta ƙara da cewa ba ta da wani katakon, in wannan ya lalace shi ke nan.

Na ce mata ta bar shi, za mu duba. Na faɗi haka ne kawai don ban iya kallon idonta in ce a'a ba. A lokacin ba ni da hannun yin aikin, injin da zai yi shi kuma yana kwance a lulluɓe da tamfol.

Hannun ina da shi a da, kada ku yi mini kallon wanda aka haifa da kofin shayi. A wurin Malam Garba na koya, can bayan tashar jirgin ƙasa, inda kakanninmu suka sauka tun zamanin da aka kawo dogo. Aikin farko da ya ba ni wasa kurfi ne, wato ƙarfen sassaƙa, a kan dutse da ɗan ruwa. Na daɗe ina wannan ban taɓa katako ba. In na kawo masa sai ya goga bakin a gashin hannunsa, in bai aske ba ya miƙo mini abina in koma dutse. Daga nan aka ba ni zarto, sai gizago, sai magagari, can daga baya ya yarda na fitar da fure ɗaya a jikin kan gado. Malam Garba yana da wata ɗabi'a: sabon ƙarfe ba ya hawa aikin mutane sai an gwada shi a kan itace mafi taurin kai da ke shagon, mai kulli da jijiya. In zai karye, in ji shi, ya karye a gida. A nan na haɗu da Bulus, wanda iyayensa suka zo daga kudancin Kaduna. Shi gwanin haɗa katako ne, in ya haɗa maka kusurwa ko allura ba ta shiga. Da muka samu 'yanci daga wurin Malam Garba muka buɗe wannan shagon a Ƙetaren Gwari tare. Ran Juma'a shi ke riƙe shago, ran Lahadi ni, don haka ƙofarmu ba ta taɓa rufuwa ba. Ina kewar waɗannan shekarun, ba zan ɓoye muku ba. Shagon ba ƙara sai ta guduma da rediyo, in ka shigo ƙamshin ɗanyen katako ne zai tare ka.

Abu biyu suka kawo ƙarshen wannan zaman. Ƙofofin ƙarfe na ƙasar waje suka cika gari, masu gini suka daina leƙo mu. Sannan na faɗi a babur a hanyar Bida, wuyan hannuna na dama ya karye, aka ɗaure ya warke a karkace. Ina iya riƙe fensir da tef, amma in na ɗora kurfi na ɗaga guduma sai hannun ya kama rawa. Shi ya sa muka haɗa abin da muke da shi muka sayo injin nan na gwanjo daga Legas. Kun dai gan shi: tebur ne babba, da gada a kansa, da haƙori mai juyawa da ke bin layi yana cin katako. Wanda ya kawo shi ya kafa, ya nuna mana, sannan ya ce injin ba ya da kai, sai mun samo masa kwamfuta da za ta riƙa gaya masa inda zai bi. Muka ce ai wannan mai sauƙi ne, kwamfuta ko a bakin titi ana sayarwa.

Aikin farko da muka yi da shi ƙyauren kabad ne na wata amarya, da ƙaramar kwamfuta mai ninkewa da muka saya a kasuwa. Ya fito tsaf, har maƙwabta suka taru. Muka yi ta aiki cikin murna har zafi ya shigo. Kun san zafin Minna in ya tsaya a ƙarƙashin kwano, ruwan randa ma ɗumi yake yi. Sai kwamfutar ta fara kuka, fankar da ke cikinta tana gurnani, wata rana da azahar ta ɗauke gaba ɗaya. Mai gyara ya buɗe ta a gabanmu. Wallahi abin da ya ciro daga cikinta ya isa a cusa ƙaramin matashi, garin katako ne ja ya dunƙule ya toshe ko'ina. Ashe duk lokacin da muke aiki fankar nan zuƙar garin take yi tana tarawa a cikinta.

Sai muka yi abin da kafinta kaɗai zai yi. Muka sayo babba irin ta ofis, muka ce tunda ƙura ce ta kashe waccan, wannan ko ƙwayar ƙura ba za ta gani ba. Bulus ya zaɓi maɗaci mai kyau ya haɗa mata akwati. Kai, ku zo ku ga akwati! Kusurwa a sarƙe, ƙyaure na gilashi, an bi gefen da roba, ramin da waya ke fita ma an toshe shi da gam. Ni kuma na zana masa fure a goshi, injin da kansa ya sassaƙa. Muka shafa banish har yana ɗaukar ido. Mutane suna zuwa kallon akwatin fiye da injin, har wani ya nemi mu yi masa irinsa ya sa talabijin.

Allon wata makarantar kuɗi ne ya fara nuna mana. Ana tsakiyar rubuta sunan makarantar kwamfutar ta sandare, hoton da ke fuskarta ya tsaya cak, haƙorin kuwa bai tsaya ba, ya nutse ya huda allon har tebur. Muka ce wuta ce. Muka sayi sitabilaiza mai daidaita wuta. Bayan kwana kaɗan ta sake yi a kan ƙofar wani ɗan kasuwa, ta ja layi daga tsakiyar fure har gefe. Muka ce janareta ne, muka kai shi gyara. Muka zargi wanda ya sayar mana da injin, muka zargi mai kwamfuta. Bulus ya kawo mai addu'a daga cocinsu, ni ma na karɓo rubutu na yayyafa a ƙafafun tebur, kowa yana yi wa ɗan'uwansa dariya a ɓoye. Ba wanda ya kalli akwatin da ido na zargi, don ya yi kyau da yawa. Wannan ita ce muguwar shekararmu. Labari ya zaga cewa injin su Sale yana cin katakon mutane. Masu kawo aiki suka janye, muka koma gyaran kujerun makaranta da ƙafar tebur. Muka rufe injin da tamfol, ya zama wurin ajiye kwanon abinci. Ana cikin wannan hali motar doya ta tsaya a ƙofar shago.

Katakon Mama Ladi ya yi kwanaki a jingine, kullum in na shigo sai gabana ya faɗi. Na nemi mai sassaƙar hannu da zai karɓa, na tarar waɗanda na sani sun mutu ko sun bar sana'ar, saura masu turmi da taɓarya, su kuma suka ce ba layinsu ba ne. Bulus ya ce mu mayar mata da abinta mu huta. Na ce in mun mayar, ɗakin nan zai ci damina da zana a baki, ita kuma ba yarinya ba ce.

Rifkatu ce ta fitar da mu, babbar 'yar Bulus. Ta yi karatun injiniya a jami'ar nan ta Gidan Kwano, ta kuma samu aiki a ɗakin injinan makarantar. Uban bai taɓa gaya mata halin da muke ciki ba, wai kunya yake ji. Ni na kira ta. Ta zo ran Asabar, ta yaye tamfol, ta duba wayoyi, sannan idonta ya sauka a kan akwatin. Ta tambaya ta ina iska ke shiga. Bulus ya gyara tsayuwa ya ce ko ta ina ba ta shiga, shi ya haɗa da hannunsa. Yarinyar nan ta yi dariya har sai da ta zauna a kan buhun garin katako.

“Baba, ai tanda kuka gina mata,” in ji ta. “Dafa ta kuke yi kullum.”

Ta kunna ta, ta rufe ƙyauren, muka ɗan jira, sannan ta ce in sa hannu ciki. Na sa na janye da sauri. Bulus kuwa har yamma goge teburin da ba shi da datti yake ta yi.

To, a nan ne na koyi zaɓen kwamfuta, kuma shi ne abin da nake so ku riƙe. Rifkatu ta ce matsalarmu biyu ce masu faɗa da juna: in ka bar ta a buɗe ƙura ta shaƙe ta, in ka rufe ta zafi ya kashe ta. Don haka sai a nemo wadda ba ta shaƙar iska sam, marar fanka, wadda jikinta ƙarfe ne mai tsaga-tsaga a baya, zafin yana fita ta jikin ƙarfen. Ta ce kuma kada a samu mai faifan da ke juyawa a ciki, don girgizar inji da ta janareta suna bi ta ƙasa su rikita shi. Dole kuma ta kasance tana da tsohuwar kafar nan mai faɗi da ake soka wayar inji, don injinmu tsoho ne, da ita kaɗai yake jin magana. Sauri kuwa, ta ce mu manta da shi. Aikin da za ta yi bai kai na wayar da ke aljihunku nauyi ba, abin da ake so kawai kada ta yi gyangyaɗi.

Muka shiga kasuwa ni da ita. Duk shagon da muka shiga sai a ɗauko mana mai walƙiya, a ce wannan ce sabuwar fitowa, tana ɗaukar fim kaza, tana buga wasa kaza. Wani yaro har da kunna mana fitilu masu canza launi a cikinta, fanka ta ko'ina. Na ce masa ɗana, wannan in ta kwana ɗaya a shagonmu da safe sai dai a yi mata wanka. Da Rifkatu ta faɗi abin da muke nema sai su kalle mu sama da ƙasa, su ce wa ke sayen wannan yanzu. Daga ƙarshe wani mai kayan gwanjo ya tura mu wurin wani da ya kwashi kayan wata masana'antar ruwan leda da ta rufe. A cikin tarkace muka same ta. Launin toka, girmanta bai fi burodi babba ba, ga nauyi, ga tsatsa a kan ƙusoshinta, ba ado ko ɗaya. Na ɗauke ta na juya, na ga babu ramin da ko tururuwa za ta shiga. Raina ya kwanta da ita tun a nan, don ta tuna mini da kayan dogo da mahaifina ke gyarawa, munana amma ba sa mutuwa.

Da muka kawo ta Bulus ya dube ta ya ce wannan ko a bayan gida ba zai ajiye ta ba. Ya fara auna ta da tef, Rifkatu ta ƙwace tef ɗin. Aka kafa ta a bangon can na arewa inda rana ba ta bugu, nesa da bakin injin, bayanta a sarari, iska na wucewa. Aka haɗa ta da batir, ita da ƙananan motocin lantarkin da ke tura haƙori, yadda in an ɗauke wuta ba za ta manta inda take ba. Rifkatu ta ja waya daga jikin injin zuwa wani rodi da muka kafa a ƙasa a bayan shago, ta ce garin katako in ya bushe yana tara wata wuta ta kansa da ke firgita kwamfuta, rodin ne zai shanye ta, amma sai ƙasar wurin tana da danshi. Tun daga ranar a kan rodin nan nake alwala. Ta kuma kafa mana doka: ba fim, ba waƙa, ba intanet, ba cajin waya, ba wanda zai soka mata wani abu da ya fito daga aljihunsa. Bulus dai bai haƙura ba sai da ya yi mata 'yar rumfa ta katako a sama, wai don ɗigar kwano, ya kuma bi gefen rumfar da ado.

Rifkatu ta so a hau aikin nan da nan, ni na ce a'a, sai an yi mata irin ta Malam Garba. Muka tara ragowar itacen malaina da katako mai kulli, muka riƙa kunna injin a lokacin da ya fi muni, daga azahar zuwa la'asar, sa'ad da kwano ke ƙara don zafi. Na sa a yi shara ana kaɗo ƙurar wajenta da gangan. Ina tsaye sai in kai hannu in kashe wutar shago ba tare da na gaya wa kowa ba, in ga abin da za ta yi. Na matso da janareta kusa da bango don ta sha girgiza. Bulus ya ce mugunta ce kawai ke cina. Kowace rana in ɗora tafin hannuna a bayanta, in ji ta da ɗumi kamar kofin shayin da aka manta, ba ta wuce haka. A wannan tsakanin Rifkatu ta ɗauki hoton jerin da Bawa ya sassaƙa, ta auna zurfinsa, ta kwafe shi layi bayan layi, ta jera shi har ƙasan ƙofar. Muka gwada zanen a kan malaina, ya fito. Hadari kuma ya fara haɗuwa ta gabas da yamma yana watsewa, na san lokaci ya ƙure.

Ranar aikin Mama Ladi ta zo da kanta, ba wanda ya kira ta. Ta zauna a kan bencin nan da kuke kai, ta ɗora hannuwa a cinya. Muka kwantar da katakon, Bulus ya ɗaure shi ta kowane gefe, muka rufe jerin Bawa da kwali don kada ko ɓarɓashi ya taɓa shi. Daga ƙasa muka fara, injin yana hawa sama, yadda in wani abu zai faru ya faru nesa da aikin marigayi. Na yi bisimilla, Bulus ya yi tasa addu'ar, Rifkatu ta danna. Garin maɗaci ya tashi ja, ɗacinsa yana kama maƙogwaro. Ba wanda ya ci abinci. Ni dai ina tsakanin injin da bango, in kalli haƙori, in je in taɓa bayan kwamfuta, in dawo.

Rana ta take, injin ya kai jeri na ƙarshe, wanda ke manne da na Bawa, sai aka ɗauke wuta. Ƙarar ta mutu, haƙorin ya tsaya a cikin katako, tsakaninsa da kwalin bai fi faɗin yatsa ba. Na juya na kalli bango, 'yar fitilar kwamfutar tana nan kore. Bulus ya fita ya ja janareta, sai da ya ja ya sake ja kafin ya tashi. Abin da ke gabanmu shi ne, in ta riƙe wurinta, za ta ci gaba daga inda ta tsaya. In kuwa ta ɓata ko da kaɗan ne, haƙorin zai shiga aikin mutumin da ba zai dawo ya gyara ba. Rifkatu ta duba lambobin da ke fuskarta ta ce suna nan daidai, amma ba ta danna ba, ta kalle ni. Na ji tsoro ƙwarai, irin wanda ban ji ba ko ranar da na faɗi a babur. Na ce ta danna. Haƙorin ya ɗaga, ya juya, ya sauka cikin ramin da ya bari, ya ci gaba da tafiyarsa. Ya gama jerin, ya koma gefe ya tsaya.

Muka share garin da burushi, Bulus har ya fara murmushi. Sai idona ya kai kan wani abu. A kowane jeri, wajen hannun dama, layin da ya kamata ya sauka ya tsaya sai ya zarce kaɗan, ya bar ɗan tsagi a karkace. Na duba jerin ƙasa, yana nan. Na duba na samansa, yana nan, a wuri ɗaya, har zuwa sama. A kan malaina bai fito ba, don itace ne mai laushi, bakin yankansa duk gashi-gashi, amma a kan maɗaci ga shi ƙuru-ƙuru. Na ce shi ke nan, wannan ma ta ci amanarmu, kuma a kan katakon da ba shi da na biyu. Rifkatu ta rantse ba kwamfutar ba ce, abin da aka ba ta shi ta yi. Ta durƙusa ta cire kwalin. Muka sunkuya a kan jerin Bawa, wanda hayaƙin ɗakin girki ya baƙanta, muka haska da fitilar waya. Tsagin yana nan a aikinsa, kurfinsa ne ya zame a wurin. Baƙin hayaƙi ya ɓoye shi, ita kuma ta kwafe shi tare da sauran ba ta sani ba.

Bulus ya ce a hankali za a iya cikewa da gam da garin katako, in an shafa banish ba mai lura. Na fara shirya yadda zan ba Mama Ladi haƙuri, sai na ga ta taso. Ba ta tambayi kowa ba, ta ɗora yatsa a kan tsagin mijinta, kai tsaye, ba ta ko nema ba. Sannan ta gangaro da yatsan, tana taɓa kowane ɗaya har ƙasa.

“Kada ku cike,” in ji ta. “Ni ce na sa ya yi wannan. Yana aiki na kira shi ya zo ya ci abinci, ya juyo, ƙarfen ya zame. Ya yi ta faɗa ranar.”

Yatsanta ya tsaya a kan na ƙarshe. Sai ta yi 'yar dariya, hawaye na zuba.

“Sau ɗaya na kira shi. Ku kun sa ina ta kiransa har ƙasa.”

Bulus ya ajiye gwangwanin gam. Muka naɗe ƙofar da bargonta, muka ɗora ta a motar Kuta, Mama Ladi ta ƙi shiga gaba, ta hau baya ta zauna kusa da ita.